Umara da Inna ko da uwargida: tambayoyin da mutanen Kebbi suka fi yi kafin su tashi

Yawancin masu waɗannan tambayoyi sun daɗe da ƙudurin a zuci. Wani tun yana saurayi ya yi wa mahaifiyarsa alkawarin zai kai ta ta ga Ka'aba da idonta, wani kuma shi da matarsa ne suke ta tari shekara da shekaru. An tsara amsoshin ne don tafiyar mutum biyu, domin tana da nata sha'ani: takardar mutum ɗaya in ta maƙale, su biyun duka ta riƙe, kuma saurin tafiyar ba na mai ƙarfin ba ne, na wanda ya fi rauni ne.

Da me ake farawa, tara kuɗi ko neman takardu?

Da fasfo, kuma da na abokin tafiyarka kafin naka. Hukumar Shige da Fice ba ta yin fasfo sai da lambar NIN, kuma sunan da ke takardar neman fasfo da ranar haihuwa dole su yi daidai da abin da ke rajistar NIN harafi da harafi. Nan ne dattawa suka fi samun cikas. An rubuta wa Inna Aishatu a wuri ɗaya, Aisha a wani wuri, sunan mahaifinta kuma yau Muhammadu gobe Mohammed. In akwai irin wannan, a fara gyarawa a ofishin NIMC, hukumar da ke ba da NIN, gyaran kuwa yana iya cin makonni.

Ba a ɗaukar hoto da zanen yatsu a madadin wani. Ko daga Kamba take ko daga Zuru, sai an kawo ta ofishin da kanta. Fasfo iri biyu ne: mai shafi 32 na shekara biyar, da mai shafi 64 na shekara goma. Daga 1 ga Satumba 2025 kuɗinsu a cikin gida ya koma naira 100,000 da naira 200,000. Wanda yake da tsohon fasfo ya duba ranar ƙarewarsa: ana son ya rage masa aƙalla wata shida daga ranar shiga Saudiyya. Ku ba wannan mataki wata uku zuwa huɗu kafin lokacin da kuke son tashi.

Wane lokaci ya fi dacewa? Inna ta ce ita ta azumi take so.

Burinta yana da tushe, don ya inganta a hadisi cewa Umara a Ramadan tana daidai da Hajji a lada. Amma a faɗa mata gaskiyar yadda abin yake. A goman ƙarshe kuɗin masauki kusa da Harami yana ninkawa, ana rufe ƙofofi da zarar ciki ya cika, kuma mai son sallar tarawihi a cikin masallaci sai ya kama wuri tun la'asar. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, da azumi a baki, a tafiyarta ta farko, wannan ba ƙaramar wahala ba ce. In ta dage, farkon watan ya fi ƙarshensa sauƙi.

Ta fuskar yanayi, daga Yuni zuwa Satumba zafin Makka yana haura digiri 40. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne ake samun sassauci, har ma Madina takan yi sanyi mai ratsa jiki da asuba, a tafi da rigar sanyi da safa. Wannan lokaci ya zo daidai da manoman shinkafa na Argungu, Suru da Bagudo, an gama girbin damina, kuɗi ya shigo hannu. A tuna kuma cewa ana dakatar da bizar Umara idan aikin Hajji ya gabato, sai bayan alhazai sun watse a sake buɗewa.

Nawa ya kamata mu tanada?

Lissafin da ke da amfani shi ne na riyal ko dala, ba na naira ba. Riyal a ɗaure yake da dala tun 1986, riyal 3.75 a dala ɗaya, ba ya motsi. Naira ce ke motsi. A watan Mayu 2023 ana canjin dala a hukumance a kan naira 460 da wani abu, kafin ƙarshen Fabrairu 2024 ta haura 1,500. Wanda ya ajiye kuɗin mutum biyu a asusu a tsakanin nan, ya wayi gari kuɗin ba su kai na mutum ɗaya ba. Saboda haka in tarin zai ɗauki shekaru, duk abin da aka kwasa a adashe ko aka samu a kaka a mayar da shi dala kaɗan-kaɗan, ko a bar shi a abin da ke bin farashi, buhunan shanshera ko sa na kiwo.

Tikiti da biza kowa da nasa, babu ragi don ku biyu ne. Masauki ne ke da sarƙaƙiya. Farashin da kamfanoni ke tallatawa yawanci na ɗaki mai gado huɗu ne, maza daban mata daban. Wato a wannan farashi Inna za ta kwana da baƙi uku, kai kuma kana wani hawa. In tana buƙatar a taimaka mata da dare, ko kuma da matarka za ka tafi, ka nemi farashin ɗaki mai gado biyu tun farko, kada sai an isa a fara roƙo a gaban teburin otal. Sai guzuri: abinci in ba ya cikin tsarin, tasi, layin waya, aski, mai tura keke, tsaraba. Bayan an haɗa duka, a ɗora kashi ɗaya cikin goma a ajiye gefe, kada a taɓa shi sai ta ɓaci.

Ta yaya zan gane ejan na gaskiya?

Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, ita ke ba kamfanonin jirgin yawo lasisin Hajji da Umara. Tambayar farko ke nan: sunan kamfanin da ke da lasisin, domin da yawa daga masu karɓar kuɗi a gari dillalai ne, su ma wani suke miƙa wa. Ba laifi ba ne, amma ka san inda kuɗinka za su sauka. A biya ta asusun kamfani, a karɓi rasit, a rubuta abin da aka saya.

"Kusa da Harami" ba amsa ba ce. Ka ce a ba ka sunan otal ɗin, ka buɗe taswira a wayarka ka ga mita nawa ne a ƙafa. Mita 600 a shimfiɗaɗɗiyar hanya daban, mita 600 a hawan tudun unguwar Ajyad daban. Masaukan unguwar Misfala da titin Ibrahim Khalil a Makka, inda 'yan Najeriya suka saba, wasu na kusa wasu kuma sai an yi tafiya mai tsawo. Na unguwar Aziziyya sun fi araha da faɗi, amma sai da bas, kuma bas ɗin ba ya sauke mutum a bakin ƙofa. Sau biyar a rana za a yi wannan zirga-zirga, in an iya. Ga mai tafiya da tsohuwa, gara a rage kwana biyu daga tafiyar a sa kuɗin a masauki na kusa.

Game da tikiti, akwai bambanci tsakanin kama kujera da yanke tikiti. Takardar kama kujera tana da lambar tanadi mai haruffa shida, amma tana iya sokewa da kanta in ba a biya ba. Tikitin da aka yanka yana da lamba mai alƙaluma 13. Ka shiga shafin kamfanin jirgin ka sa lambar tanadin da sunan ƙarshe, ka ga sunayenku biyu a wuri ɗaya, rubuce kamar yadda suke a fasfo. In an yanka muku daban-daban, ranar da aka sauya jirgi ana iya raba ku, ɗaya ya tashi yau ɗaya gobe.

Waɗanne allurai ake buƙata?

Na shawara, na sanƙarau mai kare nau'i huɗu, da ɗigon shan-inna. Ana rubuta su a katin rigakafi mai ruwan ɗorawa wanda sashen lafiya na tashoshin shiga da fita ke bayarwa. Allurar shawara da ta sanƙarau sai sun kwana goma a jiki kafin a karɓe su, don haka ba abin da ake yi ana jibi tafiya ba ne. Ta shawara sau ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016. Wanda ya haura shekara 60 kuma bai taɓa yin ta ba, ko mace mai ciki, su fara ganin likita. Kada a sayi kati ba allura. Ban da haɗarin kamawa, cunkoson mutane daga ko'ina a duniya shi ne ainihin inda sanƙarau ke yaɗuwa.

A Birnin Kebbi za mu hau jirgi?

Filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa yana jigilar alhazai kai tsaye a lokacin Hajji, amma mai Umara yawanci sai ya je Kano ko Abuja. Daga Kano zuwa Jidda kai tsaye kimanin awa biyar ne. Jiragen da ke yada zango a Alƙahira, Adis Ababa ko Doha sukan fi sauƙin kuɗi, sai dai a duba tsawon jiran: awa biyu zuwa huɗu daidai ne, awa goma a kan kujerar ƙarfe da tsohuwa azaba ce, ƙasa da awa ɗaya da rabi kuma sai an yi gudu.

Ku isa garin da za ku tashi kwana ɗaya kafin ranar, ku yi tafiyar motar da rana. Haɗa doguwar hanya da tashin jirgi a yini ɗaya shi ne yadda ake rasa tikiti saboda faci ɗaya. A filin jirgi a kasance awa uku zuwa huɗu kafin tashi. Agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu, lokacin da ke kan tikiti kuma na garin da jirgin yake ne.

Me ba a ɗauka a kaya?

Goro. Komai son Inna da shi, a bar shi gida, hukumar alhazai ta sha gargaɗi cewa Saudiyya ba ta yarda a shigo da shi ba. Haka tramadol da maganin tari mai kodin, waɗannan hukuncinsu na miyagun ƙwayoyi ne, kuma hukuncin can ba wasa. Garin magani na gargajiya da aka ƙulla a leda ba suna ba bayani, shi ma janyo tsaiko yake yi.

Kada ku karɓi saƙon kowa a rufe, ko na ɗan'uwa ne, sai an buɗe a gabanku. Wurin awo, ka ƙirga 'yan takardun shaidar kaya da aka manna maka: akwati uku kuka bayar, takarda uku za ku karɓa. A 2019 an sako wata ɗaliba 'yar Najeriya da ta shafe watanni a tsare a Saudiyya, bayan bincike ya nuna wasu ne suka liƙa sunanta a jakar ƙwayoyi da ba ta san da ita ba. Ku ɗauki hoton akwatunanku a kan sikeli.

Wata dabara ta masu tafiya biyu: a raba tufafi, kowane akwati ya ɗauki kaya kala biyu na kowa. In ɗaya ya yi lattin isowa, ba wanda zai zauna da abin da ke jikinsa. Batirin cajin waya a jakar hannu yake tafiya, ba a akwati ba, ruwa ko turare a jakar hannu kuma kada kwalba ta wuce mililita 100. Soket ɗin can mai baki uku ne irin namu. Kuɗin da suka haura dala 10,000 sai an bayyana wa kwastan a nan, a can ma akwai adadin da in kuɗi suka kai shi sai an bayyana.

Mahaifiyata tana da hawan jini da ciwon suga, ga ƙafa. Za ta iya?

Da yawa irinta sun yi sun dawo lafiya, shiri ne. Ta ga likitanta wata guda kafin tafiya, ya rubuta takarda mai sunayen magunguna da yadda ake sha. A ɗauki na duk kwanakin da ƙarin mako ɗaya, a cikin kwalayensu na asali, a jakar hannu. Insulin ba a sa shi a awo, sanyin cikin jirgi na iya lalata shi. A nemi keken guragu na filin jirgi tun wurin yankan tikiti, kyauta ne, kuma yana rage tsayuwa a layi.

Sa'ayi tsakanin Safa da Marwa zuwa bakwai ne, kowane kimanin mita 450, jimla ya haura kilomita uku. Ɗawafi a benen sama, inda masu keke ke bi, da'irarsa ta fi ta ƙasa faɗi nesa ba kusa ba. Tun daga gida ta riƙa taka ƙafa bayan asuba, minti ashirin, ana ƙarawa. A Harami akwai keken da za ka tura da kanka, akwai masu turawa na hukuma da ake biya, akwai kuma motocin lantarki. In mai turawa za a ɗauka, a ɗauki mai kayan aiki da lamba, a daidaita farashi kafin ta zauna. Mai suga ta sa safa mai kauri don dutsen ƙasa, a duba tafin ƙafarta kowane dare, sannan a riƙe dabino a jaka saboda faɗuwar suga.

Kada a yi Umara da saukowa daga jirgi. Babu laifi a kai kaya masauki, a ci abinci, a yi barci da harami a jiki, sannan a fita. Bayan sallar isha da sa'a biyu ko uku, ko hantsi, sun fi dama-dama.

Makka za mu fara ko Madina?

In an ba ku zaɓi, Madina. Ana hutawa, a saba da wurin, sannan a ɗauki harami a natse a Zulhulaifa, wadda ake kira Abyar Ali, a hanyar fita gari. Jirgin ƙasa na Haramaini, da aka buɗe a 2018, yana cin tazarar kilomita 450 a ƙasa da awa biyu da rabi, amma bai yarda da tulin kaya ba, kuma mai hawansa da haraminsa yake shiga. Masu manyan akwatuna bas ya fi musu.

Wanda zai sauka Jidda ya wuce Makka kai tsaye, a sama zai ƙetare miƙati. Namiji ya ɗaura mayafan haraminsa a filin jirgi na ƙarshe kafin hawa, don ban-ɗakin jirgi ba ya isar mutum ɗari a lokaci ɗaya, sai ya yi niyya idan an yi sanarwa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sa haramin a akwatin da aka ba awo. Mace tufafinta na sutura su ne haraminta, niyya kawai za ta yi, amma kai za ka tashe ta in barci ya ɗauke ta.

Abin da na fi tsoro shi ne mu rabu a cikin taro.

Za ku rabu, ko da sau ɗaya ne, don haka a shirya masa. Wuraren sallar mata daban suke, masu gadi kuma ba sa sauraron "tare muke". Ranar farko, kafin komai, ku tsaya a ƙofar da ta fi kusa da masaukinku ku haddace lambarta. Ƙofar Sarki Abdul'aziz ita ce lamba 1, tana fuskantar dogon benen agogo, ta Sarki Fahad kuma lamba 79. Kada ku ce "mu haɗu a ƙofa" kawai, ƙofa ɗaya tana iya ɗaukar mutum dubu. Ku zaɓi abu guda a wajen, ginshiƙi ko allo, ku tsaya a gabansa ku ɗauki hoto. Ƙa'idar ita ce: wanda ya ɓata ya je can ya zauna, ɗayan ne zai nemo shi. In duka biyun suna yawon nema, sai su yi ta saɓani har magariba.

A rataya mata katin otal a wuya, da lambar wayarka ta can a rubuce da manyan alƙaluma, da riyal 50 a aljihun ciki. A saya mata nata layin, STC ko Mobily ko Zain, ana yi da fasfo. In ba ta iya neman suna a waya ba, a sa lambarka ta zama ta farko a jerin kira, a gwada da ita sau uku. Hijabi mai launin da ke fita daban ya fi baƙi ko fari sauƙin hangowa.

A ɗawafi ta kasance a gabanka, hannayenka a kafaɗunta, ku bi gefen waje. Ku bar Hajarul Aswad, nuni da hannu daga nesa ya isar. A sa'ayi akwai wuri mai koren fitilu inda maza ke sassarfa, mata ba sa yi. A nan ne miji kan ruga ya waiwayo bai ga matarsa ba. Ko dai ka jira ta a ƙarshen fitilun, ko ka yi tafiyarka tare da ita.

Lambar gaggawa a yankin Makka 911 ce, ta motar asibiti 997. In fasfo ya ɓata, ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda ne ke ba da takardar komawa gida, kuma hoton fasfon a waya yana saurin warware magana.

Rauda fa, kowa na shiga?

Rauda, wurin da ke tsakanin kabarin Annabi da mumbarinsa a masallacin Madina, sai da izini ta manhajar Nusuk ta Saudiyya, kowa da nasa, kuma lokacin maza daban da na mata. Ku yi rajista da zarar biza ta fito, domin guraben suna ƙarewa. Ba za ka iya raka Inna ciki ba, saboda haka tun a masauki a haɗa ta da wata mace mai ƙarfi a cikin ayarinku, su nemi lokaci ɗaya, wayar da ke ɗauke da izinin kuma ta kasance a hannunsu da caji.

Uwargida tana tsoron al'ada ta zo mata a can.

A lissafa kwanakin kafin a yanki tikiti. Mai haila tana ɗaukar harami a miƙati kamar kowa, ɗawafi ne ba za ta yi ba sai ta yi tsarki, shi ya sa kwana uku kacal a Makka ke da haɗari. In lissafi ya nuna za ta zo a farkon tafiya, a fara da Madina. Maganin jinkirtawa sai da shawarar likita, kuma ba ranar tashi ake fara shi ba. Mai juna biyu, yawancin kamfanonin jirgi suna neman takardar likita daga mako na 28, ba sa ɗauka kuma bayan mako na 36.

Da abokina za mu tafi, kowa da kuɗinsa. Me ke haɗa mutane faɗa?

Kuɗin tasi da na abinci, sai kasuwa. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa, kwana goma a ɗaki ɗaya kuwa zama ne. Ku zuba riyal daidai-wa-daida a jaka ɗaya don abin da kuka haɗa, mutum ɗaya ya riƙe, in ta ƙare a sake zubawa. Sauran kuɗi kowa ya raba nasa gida biyu, rabi a jiki rabi a masauki. Ku kuma yarda tun a gida cewa ba dole ne komai a yi tare ba. Ɗaya yana son ya je Tan'im, a bakin garin Makka, ya sake ɗauko harami don wata Umara, ɗaya yana son ya zauna da Alƙur'ani har azahar, kowa ya yi nasa a haɗu wurin cin abinci. In kuma abokin ya fara zancen zai tsaya neman aiki bayan biza ta ƙare, ka san da haka kafin ku tashi: tara ce da kora da hana dawowa, kamfanin da ya yi muku biza ma sai an tuhume shi.

Tsaraba da Zamzam fa?

A rubuta sunayen waɗanda za a yi wa tsaraba tun a gida, a yanke adadin kuɗin, in ba haka ba dogayen riguna da darduma da turare za su cinye kuɗin abinci. A bar sayayya sai kwana biyun ƙarshe, dabino kuma a Madina ya fi. Nauyin da aka yarda da shi yana rubuce a tikiti, sau da yawa akwati biyu masu kilo 23 kowanne, kuma ba a cewa nawa 30 nata 16 ai daidai ne, kowane akwati da nasa awo. Ƙaramin sikelin rataye na hannu yana hana zubar da kaya a tsakar filin jirgi.

Zamzam ba a ɗura shi a gora a cusa cikin akwati, za a fitar. Galan ɗaya mai lita biyar da aka rufe a masana'anta ake ba kowane mai bizar Umara dama, ana sayensa a filin jirgi da fasfo. Ku biyu galan biyu ke nan. Ku rubuta suna da lambar waya a kowane gefe na kwalin da alƙalami mai kauri, don a wurin ɗaukar kaya a Kano ko Abuja duk kwalayen kamarsu ɗaya.